Darasi na 9: Kafin a Dangwala Yatsa

Ba sabon abu ba ne a garuruwan Damargu farar mota ta tsaya a ƙofar mai gari, baƙi su fito riƙe da takardu. Waɗansu ɗigon jinin yara suke so. Waɗansu tafin hatsi suke roƙo daga rumbu, su rubuta sunan irin su sa a ambulan. Waɗansu gona suke nema su gwada sabon iri, ko su ɗibi majinar awaki in ciwo ya shiga garke. Yawancinsu da alheri suke zuwa, kuma abubuwa da dama da muke mora yau, daga allurar sanƙarau har hatsi mai saurin nuna, ta wannan hanya aka same su. Amma tun motar ba ta baro Yamai ko Damagaram ba an riga an yanke magana mai yawa: me za a bincika, a wane gari, a jikin wa, ina za a kai abin da aka ɗiba, wa zai ci riba in an dace. Darasin yau a kan waɗannan shawarwari ne, da yadda mutanen da abin zai shafa za su sa baki tun magana ba ta ƙulle ba.

Wace irin fasaha ce?

Kowane mai rai, mutum ne ko raƙumi ko hatsi ko ƙwayar cuta, yana ɗauke da ƙwayoyin gado a jikinsa. Su ke sa ɗa ya ɗebo kamannin ubansa, su ke sa wani hatsin ya nuna a kwana 70 wani ya haura 100. Yanzu masana na iya karanta waɗannan ƙwayoyi su ajiye bayaninsu a kwamfuta, wani lokaci ma su ɗauko na wata halitta su dasa wa wata. Da wannan ilimi ake haɗa alluran rigakafi, da kayan awon jini, da sababbin iri. Ana kiran aikin fasahar sarrafa halittu. Yana cin kuɗi ƙwarai, shi ya sa galibi akwai kamfani a bayansa, kamfani kuwa kullum sauri yake yi, don wanda ya riga kai kaya kasuwa shi ke da ciniki. Neman riba ba laifi ba ne. Sai dai mai sauri ya fi kowa ganin cewa zama da mutane ɓata lokaci ne.

Kano, 1996

Tsakanin 1996 da 1997 sanƙarau ya yi ɓarnar da ba a taɓa ƙidaya irinta ba a ƙasashen Sahel: sama da mutum 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu. Dattawan ajin nan za su tuna, don a Nijar tun 1995 annobar ta yi tsanani. A Kano, asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wanda Kanawa ke kira Asibitin Zana, ya cika har ba masaka tsinke.

Ana cikin wannan hali wani babban kamfanin magunguna na Amurka, Pfizer, ya turo tawaga da sabon magani mai suna Trovan, wanda ba a riga an ba shi izinin shiga kasuwa ba. Suka sauka a wannan asibiti suka ɗauki yara wajen 200. Aka raba su gida biyu, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani sanannen magani, seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, 5 a ɓangaren Trovan, 6 a ɗayan. Waɗansu suka tashi da kurumta ko makanta ko shanyewar gaɓa, abubuwan da shi kansa sanƙarau yakan bar wa mutum. Ba a daɗe ba tawagar ta tattara ta koma, annoba na ci gaba.

Ku dubi alƙaluman da kyau. Ba su nuna cewa Trovan ya fi kisa ba, kuma a kan haka kamfanin ya tsaya har ƙarshe. Ya ce cutar ce ta kashe yaran, ya ce ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa kuma sun yarda da baki. To me ya sa har yau ake karantar da wannan labari a makarantun likitoci a matsayin abin gudu?

Saboda abin da iyayen suka faɗa. Da yawansu sun ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, su dai sun kawo ɗa wurin likita. Sun ce ba a sanar da su cewa a cikin asibitin nan likitocin ƙungiyar MSF na ba da maganin da aka riga aka sani, kyauta, ba. Kamfanin bai iya nuna takardun yarda masu sa hannun iyaye ba. An kuma rage yawan sanannen maganin da aka ba rabin yaran ƙasa da yadda aka saba, abin da kamfanin ya ce ya yi ne don sauƙaƙa zafin allura. Bayan jaridar Washington Post ta tono maganar a Disamban 2000, wani abu ya fito wanda ya fi sauran muni. Takardar da aka ce kwamitin ɗa'a na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya bayar don halatta gwajin, daga baya aka rubuta ta aka mai da kwanan watanta baya. Lokacin da aka yi gwajin asibitin ba shi da irin wannan kwamiti ma.

Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007. A 2009 aka sasanta a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a Agustan 2011, shekara 15 bayan gwajin, iyalai huɗu na farko suka karɓi diyyar dala 175,000 kowannensu. Kafin a biya mutum sai an ɗibi yawunsa an auna ƙwayoyin gadonsa, a tabbatar shi ne mahaifin yaron, kuma waɗansu iyalan suka ƙi, don ba su amince da tsarin ba.

Ba a Kano asarar ta tsaya ba. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi. Awon da aka yi bai tabbatar da zargin ba, amma cikin hujjojin da mutane ke kawowa har da Trovan. Kano ba ta koma ba sai Yulin 2004, da magani daga Indonesiya. Kafin nan cutar ta ƙetara iyaka ta bazu zuwa ƙasashe da dama, mu a Nijar muna gaba-gaba cikin waɗanda ta taɓa. Yawancin yaran da suka rasa ƙafa a waɗannan shekaru ba a ma haife su ba lokacin da aka yi gwajin.

Sanƙarau dai, amma da tambaya a gaba

A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da wata ƙungiya mai suna PATH suka kafa shirin samar da sabuwar allurar sanƙarau nau'in A, wanda shi ne ya fi addabar ƙasashenmu, da tallafin dala miliyan 70 daga gidauniyar Gates. Kafin su zaɓi kamfani sai suka zagaya suka tambayi jami'an lafiya na Afirka abin da suke so. Amsar da suka samu ba ta ɗakin gwaji ba ce, ta aljihu ce: in allura ɗaya ta haura rabin dalar Amurka, ƙasashen ba za su iya ci gaba da saye ba. Wannan amsa ta juya akalar shirin gaba ɗaya. Manyan kamfanonin Turai da Amurka ba su shiga a wannan farashi ba, sai aka haɗa kai da Serum Institute na Indiya. An gwada allurar a Indiya da Mali da Gambiya da Senegal da Gana. A Disamban 2010 aka fara yi wa jama'a ita a Burkina Faso da Mali da Nijar, daga ɗan shekara 1 zuwa 29, da sunan MenAfriVac, a kan abin da bai kai sefa 250 ba a canjin lokacin. Cikin ƴan shekaru nau'in A ya kusan ɓacewa. Sanƙaraun da ya tashi a Yamai da Doso a 2015, da wanda ya tashi a jihar Damagaram a ƙarshen 2022, nau'in C ne, wanda wannan allura ba ta tare shi.

Abin lura shi ne lokacin da aka yi tambayar. An yi ta ne tun ba a sa hannu da kowane kamfani ba, lokacin da amsa za ta iya canja wani abu. Da an bari sai allura ta fito sannan a tara mutane a yi musu bayani, da sanarwa ce kawai, ba shawara ba. Kada mu zuzuta abin fiye da kima, waɗanda aka tambaya manyan ma'aikata ne na ofis, ba matan ƙauye ba. Duk da haka ya ishe mu shaida cewa wanda ba shi da ilimin haɗa magani yana iya sanin abin da mai haɗawa bai sani ba.

Kusa da mu kuma, a Madarunfa cikin jihar Maraɗi, daga 2014 cibiyar bincike ta Epicentre, reshen MSF, da ma'aikatar lafiya ta Nijar suka gwada rigakafin zawon jarirai mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a baki. Jarirai sama da 3,500 aka bi, da izinin kwamitin ƙasa mai duba ɗa'ar bincike da rubutacciyar yardar iyaye. Rabinsu an ba su rigakafin, rabi an ba su abu mai kama da shi wanda ba magani a ciki, ba uwa ba likita ba wanda ya san wane yaro ya samu wanne sai an gama. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana tare wajen kashi 67 cikin 100 na zawo mai tsanani irin wanda ƙwayar rota ke jawowa. Haka ake gane ko magani na aiki, amma dole uwa ta ji wannan bayani ƙarara kafin ta yarda: mai yiwuwa ɗanki ya faɗa cikin rabin da ba a ba komai ba.

A Damargu, su wa za a tambaya?

A takarda amsar mai sauƙi ce. Bincike a jikin mutum sai ya samu izinin kwamitin ɗa'a na ƙasa a Yamai, sannan ya biyo ta hukumomin lafiya na jiha da na gunduma. Ƙa'idar likitocin duniya da aka fara tsarawa a Helsinki a 1964, aka kuma sabunta a 2024, yanzu ta nemi a tafi da al'umma tun kafin a fara, da lokacin da ake yi, da bayan an gama. Wahalar tana wurin sanin wace ce al'ummar.

Abin da aka saba shi ne a gai da sarki, a gai da magajin gari, a sauka wurin mai gari, a kira liman da ƴan dattawa, a yi addu'a a ɗauki hoto. Wannan daidai ne, ba baƙon kirki da zai shiga gari ta bayan gida. Amma izinin mai gari na shiga gari ne kawai. A kasuwar dabbobi dillali ke kawo mai saye, shi ke sa baki a ciniki, amma sai mai raƙumi ya ce ya sallama. Jinin yaro ba na mai gari ba ne, hatsin rumbu ma haka. Wanda ya ƙi bayan mai gari ya yarda bai yi rashin ladabi ba, kuma mai garin da ya san aikinsa shi zai fara faɗin haka a bainar jama'a, don mutane su saki jiki.

Sai maganar lokaci, wadda mutanen birni ke yawan mantawa. In an kira taro da damana, makiyaya sun yi arewa da dabbobi, waɗansu har Ingal wurin gishiri. In an kira shi da rani, samari sun tafi ci-rani Agadas, Libiya, Aljeriya ko Najeriya. In an kira shi da hantsi, mata na bakin rijiya ko wurin daka. Taro ɗaya a yini ɗaya ba zai taɓa tara mutanen Tarka ko Gangara ko Tenhiya ba, ko da mai shela ya zagaye gari sau uku. Wanda da gaske yake son jin ta bakin mutane sai ya dawo fiye da sau ɗaya, ya bi ranar kasuwa, ya bi rugage da mashaya, ya nemi arɗo da shugabannin rukunin Abzinawa. Muna da abin koyi a gida: kwamitocin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo, inda aka tanadi kujerar manomi da ta makiyayi da ta mata. Ba ko'ina suke aiki yadda ya kamata ba, kowa ya sani, amma tsarin zaman yana nan.

Mata kuwa sai an yi nasu zaman daban, mace ta jagoranta. Ita ke kwana da yaro mara lafiya, ita ke kai shi likita, ita ta san wane hatsi ke daɗin fura wane ne ke wuyar surfe. A gaban maza da surukai ba za ta yi tambayar da ke ranta ba.

Ga harshe. A gundumomin Tanut da Belbeji ana jin Hausa, da Tamajak, da Fulatanci, da Barbarci, da Larabci. Takardar yarda da Faransanci ake rubuta ta, mutum ya dangwala yatsa a ƙasan abin da bai karanta ba. Dangwale shaida ce cewa yatsa ya taɓa takarda, ba ya nuna mai yatsan ya gane. A wasu gwaje-gwajen da aka yi a Mali an naɗi bayanin duka da harshen Bambara, kowa ya saurara da kunnensa. Yanzu da salula ta shiga kowane gari ba uzurin da zai hana a yi mana haka. Kuma wanda bai iya karatu ba yana da damar zuwa da nasa mai shaida, wanda ba ya cikin ma'aikatan binciken. A nan ɗaliban yaƙi da jahilci ke da aiki babba.

Abu na ƙarshe a wannan babi ya fi sauran nauyi a ƙasa irin tamu, inda damana ke yawan gazawa. A shekara irin 2005, in aka ce duk uwar da ta sa ɗanta cikin bincike za a ba ta buhun abinci, wa za ta ƙi? Yunwa ce ta amsa, ba ita ba. Biyan kuɗin mota da ladan yinin da mutum ya rasa adalci ne. Kyautar da ta kai ta rufe wa mutum ido kuwa, gari ya kamata ya ce a rage ta, ko a raba wa kowa, wanda ya shiga da wanda bai shiga ba. Haka nan wanda ya ƙi, ko ya fara ya janye, ba a rage masa komai daga kulawar da yake samu a likita.

Iri, da abin da iska ke ɗauka

A jikin mutum, yardar mutum ɗaya na iya isa. A gona ba ta isa, kuma manomin hatsi ya fi kowa sanin dalili. Ya san shibra, wadda ke fitowa cikin gona tana zubar da tsabarta kafin girbi. Asalinta barbara ce tsakanin hatsin gida da na daji, don iska ke ɗaukar bununin hatsi daga wannan kai zuwa wancan ba ruwanta da iyakar gona. Abin da maƙwabcinka ya shuka yana iya shiga irinka.

Kada a rikita abu biyu. Irin da cibiyoyin binciken noma, INRAN da ICRISAT ta Sadore, ke fitarwa, kamar HKP da Zatib, ko Chakti mai yawan sinadarin ƙarfe da aka fitar a 2018, ta hanyar zaɓe da barbara aka same su, irin abin da kakanninmu suka yi har suka samu ankutes, sai dai da awo da rubutu. Irin da aka dasa wa ƙwayar gadon wata halitta daban ne. Misalinsa mafi kusa shi ne waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya, wanda Farfesa Mohammad Ishiyaku ya jagoranci aikinsa tare da masana na Ostireliya. An dasa masa ƙwayar gadon wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, don tsutsar da ke huda fure da kwanson wake ta mutu in ta ci. Najeriya ta amince da shi a 2019. Masu shi sun ce feshi na raguwa daga sau 6 ko 8 zuwa sau 2, waɗansu ƙungiyoyi kuma sun yi ta adawa da shi. Wake galibi kansa yake yi wa barbara, ba kamar hatsi ba, amma yana da wata hanyar tafiya, wato buhu. Nijar na cikin manyan masu noman wake a duniya, kuma tsakaninmu da kasuwar Dawanau ta Kano kaya sun daɗe suna kai da kawowa. Mai sayen iri ya riƙa tambayar sunansa da inda ya fito.

Burkina Faso ta ba da darasi biyu. Na farko, auduga: a 2008 ta fara noman audugar kamfanin Monsanto mai kashe tsutsa. Manoma da yawa sun so ta, don feshi ya ragu, su kuma da nauyi ake biyansu. Amma zarenta ya gajarta, kamfanonin da ke gurzarta su sayar waje suka yi asara, a 2016 suka watsar da ita. Ashe masu ruwa da tsaki ba bakinsu ɗaya ba, abin da ya yi wa manomi daɗi shi ya karya ɗan kasuwa, kuma wanda ya fi ƙarfi shi ya yanke. Na biyu, sauro. Shirin Target Malaria ya yi shekaru yana zama da mutanen ƙauyen Bana kusa da Bobo Julaso, kafin ya saki mazan sauro wajen 6,400 da aka sauya wa ƙwayoyin gado a Yulin 2019. Ƙauyen ya yarda, hukuma ta ba da izini, amma ƙungiyoyi suka ce sauran ƴan ƙasa fa, tun da sauro ba ya zama a gari ɗaya? A Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da shirin ɗungurungum. Ko wane ɓangare mutum ya bi, abu ɗaya ya fito: yawan waɗanda za a tambaya ya danganta da nisan inda abin zai kai. Yarjejeniyar Kartahena ta 2000, wadda Nijar ke ciki, ta ɗora wa gwamnatoci tuntuɓar jama'a kafin yanke hukunci a kan irin waɗannan halittu, kuma a 2019 Nijar ta yi tata dokar.

Akwai kuma abin da ake ɗauka daga wurinmu. A 1976 masu bincike suka tattara irin hatsi a ƙauyukan Nijar, a 2003 suka koma ƙauyuka 79 suka sake ɗiba. Da aka shuka na da da na yanzu gefe da gefe, sai aka ga na 2003 ya fi saurin fure, kansa kuma ya fi gajarta. Wato cikin shekarun fari hatsin ya bi damanar da ta gajarta, a hannun manoman da ke zaɓen kai kowace kaka. Irin wannan hatsi dukiya ce ga duk mai neman iri mai jure fari a duniya. Haka anza. Ɗacinta ba ya barin a ci ta sai an jiƙa ana sauya ruwa kwana da kwanaki, kuma matan Damargu na cikin waɗanda suka riƙe wannan sani tun kafin wani ya rubuta shi. Tun ƙarshen shekarun 1980 ƙungiyar Eden Foundation ke gwajin itatuwan gida masu ba da abinci a Dalli kusa da Tanut, manomi ya zo ya gani da idonsa ya zaɓi irin da yake so. A Damagaram kuma kamfanin Sahara Sahel Foods na sayen ƴaƴan itatuwan daji yana sarrafawa, har da anza. Abin da ake kira abincin yunwa ya zama kayan kanti.

Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta fara aiki a 2014 kuma Nijar ke cikinta, ta ce mai son ɗaukar iri ko tsiro ko sanin gargajiya don bincike da kasuwanci sai ya nemi izini tukuna, a kuma daidaita yadda za a raba amfani. Ba magana ce ta fatar baki ba. A Afirka ta Kudu, a 2019, masu sana'ar ganyen shayin royibos suka sa hannu za su riƙa ba al'ummomin San da Koyi kashi 1.5 cikin 100 na kuɗin da ake sayen ganyen a bakin gona, saboda kakanninsu ne suka san shi. Sai da suka yi shekaru suna ja, da ƙungiya da lauyoyi, kafin su samu. Garin da ba shi da rubutaccen tarihin wanda ya zo, da ranar da ya zo, da abin da ya ɗauka, zai sha wuya in ya tashi neman nasa.

Abin da za a tambayi baƙo

Baƙon kirki ba ya jin haushin tambaya. A fara da neman ganin takardar izinin kwamitin ɗa'a, a duba kwanan watanta, ko don abin da ya faru a Kano. A tambaye shi wa ke biyan kuɗin aikin, kuma me ya sa aka zaɓi wannan gari. Jinin da za a ɗiba, a Yamai zai tsaya ko waje za a kai shi, shekara nawa za a ajiye, za a yi wani binciken da shi ba tare da an dawo an tambaye mu ba? In abu ya ɓaci, wa zai yi jinya, wa zai biya gonar da ta lalace? In an dace, nawa za a sayar mana? Yaushe za a dawo a faɗa mana sakamako, da wane harshe?

Akwai tambaya ɗaya da ke bambanta mai neman shawara da mai neman dangwale: cikin wannan tsari naku, mene ne za ku iya canjawa in muka ce bai yi mana ba? In ya ce ba komai, an riga an gama a can sama, to gari ya san matsayinsa, sai kowa ya duba ko zai shiga a haka. In ya ce ana iya sauya lokaci, ko yawan jinin, ko wurin gonar gwaji, sai a zaɓi mutanen da za su zauna da shi har ƙarshen aikin, a rubuta abin da aka daidaita, gari ya riƙe kwafi.

Aikin aji

Ku rabu gida uku: baƙi masu bincike, dattawan gari, da mata. Ga yadda za a fara, ku ƙarasa da bakinku.

Baƙo: Ranka ya daɗe, mun zo da takarda daga Yamai. Muna so mu ɗibi jinin yara ƴan ƙasa da shekara 5, don gwajin wani sabon awon zazzaɓi.

Mai gari: Sannunku da hanya, Malam. Sauka kam kun samu. Amma yaran suna da iyaye, kuma rabin garin yana arewa da dabbobi. Yaushe za ku dawo?

Wata dattijuwa: Ɗana, in yaron ya yi zafin jiki cikin dare bayan kun tafi, ƙofar wa za mu buga?

Bayan wasan, kowa ya rubuta a littafinsa tambaya biyu da ba a yi ba. Sannan ku haɗu ku zana kalandar garinku, wata 12, ku nuna su wa ba sa gari a kowane wata da inda ake samun su. Kafin zama mai zuwa, mutum biyu su je wurin mai gari su tambaya ko akwai littafin da ake rubuta baƙi masu bincike. In babu, a zo da littafi mai shafi 100 da biro, ajin ya tsara masa layuka: rana, suna, hukumar da ta turo shi, lambar waya, abin da ya ɗauka, da ranar da ya ce zai dawo.